Wa ke da ikon wakiltar ƙasa a gasar shaɗaranji ta duniya? Dokokin FIDE da halin ƴan bakin iyaka: misalin Ɗan Issa

1. Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2021 babban taron hukumar shaɗaranji ta duniya, wadda aka fi sani da FIDE, ya karɓi Nijar cikin jerin ƙasashen da ke da kujera a hukumar. Tun daga nan wata tambaya ta taso wadda a da ba ta shafe mu ba: idan aka ce Nijar ta kawo ƴan wasa, wane ne ya cancanci a tura? Ga mutumin Tawa ko na Dogon Dutsi amsar ba ta da wuya. Amma ga mutumin Ɗan Issa, wanda uwarsa ƴar Jibiya ce, ubansa ɗan Madarunfa, shi kuma yana karatu a Katsina, sai an zauna an duba doka. A cikin wannan ƴar takarda za mu bayyana ƙa'idojin da FIDE ta shimfiɗa game da wakiltar ƙasa, mu kwatanta su da na sauran wasanni, sannan mu auna su da rayuwar mutanen bakin iyaka.

Kafin mu shiga, sai mu daidaita suna. Wasan da Faransawa ke kira eshek, Ingilishi kuma ces, wasu kan ce masa darar Turawa. Wannan suna yana da matsala biyu. Na farko, darar da ake yi a gindin bishiya da ƴan itace da tsakuwa wani wasa ne dabam, mai dokokinsa. Na biyu, wasan ba Turawa suka ƙago shi ba: daga Indiya ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa kafin ya isa Turai. Malamanmu sun san shi da sunan shaɗaranji a littattafan fiƙihu, kuma a shekarun 1930 an tarar da wani nau'insa a Barno ana kiransa tsatsarandi. Saboda haka mun zaɓi shaɗaranji, tunda kalmar ta riga mu zuwa gidan.

2. A wajen FIDE, hukuma ce ke wasa, ba gwamnati ba

An kafa FIDE a birnin Faris ranar 20 ga Yuli 1924, aka yi gasar ƙasashe ta farko, wato Olimfiyad, a Landan a 1927. Yanzu duk bayan shekara biyu ake yin ta, kowace ƙungiya da ƴan wasa huɗu da ɗan jira ɗaya. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne membobin FIDE hukumomin wasa ne na ƙasa-ƙasa, kuma ba kullum iyakar hukuma ke dacewa da iyakar gwamnati ba. Alal misali, mutanen Ingila da Sikotilan da Welis fasfo ɗaya suke riƙewa, amma kowace da hukumarta da tutarta a Olimfiyad. Haka Hon Kon da Makawo suke wasa dabam da Sin. Har ma an sha ba ƙungiyoyin makafi da kurame da naƙasassu na duniya damar shiga gasar, alhali ba su da ƙasa ko taki ɗaya.

Daga nan ne sauran dokokin suka samo tushe. Tunda fasfo ba ya raba ɗan Ingila da ɗan Sikotilan, dole a nemi wata hanya ta rabawa, hanyar kuwa ita ce rijista. Duk wanda ya shiga gasar da FIDE ke lissafawa ana ba shi lamba guda wadda ba ta sakewa har abada. A gaban lambar akwai sunansa, da shekarar haihuwarsa, da makinsa bisa ma'aunin Elo da hukumar ta ɗauka a 1970, da haruffa uku masu nuna hukumar da yake ƙarƙashinta. Waɗannan haruffa uku su ne ƙasar mutum a idon FIDE.

Ƙofofin shiga rijistar wata hukuma uku ne: mutum ya zama ɗan ƙasar tun asali, ko ya samu zama ɗan ƙasar daga baya ta hanyar doka, ko kuwa ya kasance mazauni a cikinta. Ƙofa ta uku ita ce ta bambanta shaɗaranji da yawancin wasanni, domin tana nufin baƙo mai takardar zama yana iya ɗaukar tutar ƙasar da ta sauke shi ba tare da ya riƙe fasfonta ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan dai an yarda raɓar ta zauna. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da ba a ɗagawa kowa: hukuma ɗaya tak a lokaci ɗaya. Mai takardun ƙasa biyu ma sai ya zaɓa. Taura biyu ba ta taunuwa.

3. Sauya sheƙa: jira ko biya

Idan mutum yana son barin wata hukuma ya koma wata, ba shi ke kai takarda ga FIDE ba, sabuwar hukumar ce ke kaiwa, tare da shaidar ɗan ƙasa ko ta zama, a kuma sanar da tsohuwar hukumarsa. Akwai kuɗin sanarwa da kowa ke biya. A shekarun 2010 yuro 250 ne, a gyaran da aka yi a ƙarshen 2020 aka mai da shi yuro 50, wato kamar jika 33 na sefa. Da zarar an kammala, haruffa ukun nan sun sake, kuma mutum na iya shiga kowace gasa ta kowa-da-kowa da sabuwar tutarsa.

Wahalar tana wajen gasannin FIDE na kanta, irin su Olimfiyad, da kofin duniya, da gasar nahiya, da ta shiyya, inda mutum ke zaune a kujerar da aka ware wa ƙasa. A nan ne ake cewa ya jira. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi shekara biyu ne. Wanda ba ya son jira sai a biya masa kuɗi iri biyu: ɗaya na FIDE, ɗaya kuma diyya ga hukumar da ya bari, wadda ta rene shi. Diyyar tana hawa da ƙarfin ɗan wasa. A tsarin da ake bi a 2015, babban gwani mai maki 2700 ko fiye, diyyarsa yuro 50.000 ce, ban da yuro 5.000 na FIDE. Idan muka juya da farashin da aka tsayar na sefa 655,957 a yuro ɗaya, diyyar kaɗai ta kusa miliyan 33. Tsohuwar hukuma tana da ikon yafewa in ta ga dama. An sha taɓa waɗannan alƙaluma, don haka duk hukumar da za ta shigar da takarda sai ta duba wanda ke aiki a shekarar. Amma ginshiƙin bai sake ba, ko haƙuri ko aljihu.

Me ya sa aka yi haka? Dalili biyu ne ke ja-in-ja. Ɗan wasa mutum ne, yana ƙaura, yana aure, yana gudun yaƙi, ba daidai ba ne a ɗaure shi ga tuta ɗaya har mutuwa. A ɗaya gefen kuma, in aka bar ƙofa buɗe, ƙasa mai kuɗi za ta tara gwanayen duniya ana gobe gasa, ta sallame su jibi. Jiran shekara biyu gwaji ne na ko ƙaurar ta gaskiya ce. Diyya kuwa ana so ta zama lada ga wanda ya yi wahalar shuka.

4. Yadda tarihi ya gina dokar

Ba a zaune aka tsara waɗannan ƙa'idoji rana ɗaya ba, abubuwan da suka faru ne suka tilasta su. A 1939 ana cikin Olimfiyad a Buwenos Aires ta Ajantina yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Ƴan wasa da dama ba su koma Turai ba, har da dukan ƙungiyar Jamus da ta ci gasar. Miguel Najdorf, wanda ya zo da tutar Polan, ya zauna, iyalinsa suka hallaka a yaƙin, ya zama ɗan Ajantina a 1944, daga 1950 kuma ya riƙa wakiltarta. Ba wanda ya ce ya ci amana, domin kowa ya ga ba shi da gidan komawa.

Labarin Viktor Korchnoi ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ne ya fi nuna inda dokar ke da taushi. A 1976 ya je gasa a Holan ya ƙi komawa Tarayyar Sobiyet, daga baya ya zauna a Suwis. A 1978 ya kai ga karawar neman kambin duniya da Anatoly Karpov a Bagiyo ta Filifin. Sai rigima ta tashi a kan ƴar tutar da ake kafawa a gefen tebur: shi yana son ta Suwis, wakilan Sobiyet suka ce ai ba ɗan Suwis ba ne, ba shi da ƙasa. A ƙarshe ya yi wasan ba da tutar kowa ba, Karpov ya ci shida da biyar. Abin mamaki, kafin shekarar ta fita Korchnoi ya zauna a kujerar farko ta ƙungiyar Suwis a Olimfiyad, tun bai samu fasfon ƙasar ba. Ke nan mutum ɗaya, a shekara ɗaya, an hana shi tuta a wani zaure an ba shi a wani.

Irin wannan hali ne ya sa ake da abin da ake kira tutar FIDE, mai haruffa FID, wadda mutum kan fake a ƙarƙashinta idan ya rabu da hukumarsa bai kama wata ba. Alireza Firouzja ya yi haka a Disamba 2019, lokacin da hukumar Iran ta hana ƴan wasanta zuwa gasar duniya ta wasan sauri a Mosko don kada su haɗu da ƴan Isra'ila. Ya je da tutar FIDE ya zo na biyu, a 2021 kuma ya koma Faransa. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren, an dakatar da ƙungiyoyin Rasha da Belarus daga gasannin ƙasashe, ƴan wasansu suka riƙa shiga ɗaiɗai da tutar FIDE, wasu kuma suka sauya sheƙa gaba ɗaya, kamar Alexandra Kosteniuk da ta koma Suwis a 2023.

Ƙaurar kuɗi kuma daban take. A 2016 Amurka ta ci Olimfiyad a Baku, karo na farko tun 1976. Manyan kujerunta uku: Fabiano Caruana, haifaffen Mayami mai takardun ƙasa biyu, wanda ya yi wa Italiya wasa shekara goma kafin ya dawo a 2015, Hikaru Nakamura, wanda aka haifa a Japan aka kai shi Amurka yana ɗan shekara biyu, da Wesley So, wanda ya baro Filifin a 2014. Shi So sai a 2021 ya zama ɗan Amurka a takarda, wato ya ci mata zinariya shekara biyar kafin ta ba shi fasfo. Duk wannan halas ne a dokar FIDE. Bayan su Leinier Domínguez ya zo daga Kuba, sai Levon Aronian, wanda ya ci wa Armeniya Olimfiyad sau uku, a 2006 da 2008 da 2012, ya bi sahu a 2021. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dukiyar da attajiri Rex Sinquefield ya zuba a kulob ɗin birnin San Luwis tun 2008 tana cikin abin da ya jawo gwanaye zuwa can. A ganinmu a nan diyyar ta kasa yin aikinta: miliyan 33 katanga ce ga hukumar talakawa, ga mai hali kuwa kuɗin ƙofa ne kawai. Sai dai allo ba ya karɓar cin hanci. A Olimfiyad ta Cenai a 2022, Armeniya ba Aronian ta zo ta biyu, Amurka da Aronian ta zo ta biyar.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma FIDE ba ta rufe hanyar komawa ba. Richard Rapport ya bar Hangari zuwa Romaniya a 2022, ya dawo a 2024 ya yi mata wasa a Olimfiyad ta Budafes.

5. Sauran wasanni sun fi tsanani

A wasannin Olimfik, doka ta 41 ta kundinsu ta ce sai ɗan ƙasa, kuma wanda ya taɓa wakiltar wata ƙasa sai ya jira shekara uku, in ba an yi masa sassauci da yardar ɓangarorin ba. Inda mutum yake zaune ba ya cikin lissafi: Abdoul Razak Issoufou Alfaga a Jamus yake samun horo lokacin da ya kawo wa Nijar azurfar tekwando daga Riyo a 2016. A ƙwallon ƙafa ma FIFA fasfo take fara tambaya, ga wanda ya same shi daga baya kuma ta ƙara da haihuwar kansa ko ta iyaye ko kakanni a ƙasar, ko zaman shekara biyar. A taƙaice, su suna tambayar “ɗan ina ne?”, FIDE kuwa ta yarda da “ina yake zaune?”. A lura kuma, idan shaɗaranji ya shiga gasar wasanni da yawa, kamar wasannin Afirka na Abuja a 2003, dokar masu shirya gasar ce ke gaba, su kuwa sun saba tambayar fasfo.

6. Ɗan Issa a gaban waɗannan dokoki

Ɗan Issa tana cikin gundumar Madarunfa a jahar Maraɗi, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Jibiya ta shiga Katsina. Nan ne ƴan duwan da ƴan sanda ke da shingensu na ƙarshe kafin Najeriya. Layin da ya raba ta da Jibiya bai daɗe ba: yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 29 ga Mayu 1906 ce ta tsayar da shi, ayarin Tilho da O'Shee suka bi suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Mutanen gefen nan da na gefen can Katsinawa ne duka, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi, tun da gidan sarautar ya komo arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. An rufe iyakar daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, amma auratayya da zumunci ba su tsaya ba ko sau ɗaya.

To, a ƙaddara wani yaro, haifaffen Ɗan Issa, uba ɗan Nijar, uwa ƴar Jibiya. A dokar Nijar, wato odonans mai lamba 84-33 ta 23 ga Agusta 1984, ɗan Nijar ne ta wajen uba, kuma ta wajen haihuwa ma, tunda an haife shi a ƙasar kuma mahaifinsa a nan aka haife shi. A kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 25, wanda aka haifa a waje kuma ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne, sashe na 28 kuma bai hana irinsa riƙe wata ƙasa ba. Da a ce uwar ce ƴar Nijar, uban ɗan Jibiya, tun gyaran 1999 uwa ma tana ba ɗanta ƙasa. Dokar 5 ga Nuwamba 2014 kuma ta kawar da abin da ya rage, domin kafin ta ɗan Nijar da ya nemi wata ƙasa da kansa yakan rasa tasa. Ke nan yaron nan ƙofofin FIDE biyu ne a buɗe gabansa, kuma irinsa ba su ƙirguwa a wannan yanki.

Matsalar ita ce sau da yawa ba shi ke zaɓa ba. A ce ya koyi wasan a makaranta a Katsina, ko a salula kamar yadda samari da dama ke koya yanzu, sai ya shiga gasarsa ta farko da ake lissafawa a Kano ko Kaduna ko Abuja. Ba shi da lambar FIDE, sai an yi masa. Jami'in da ke yin rijista ya ji suna Bahaushe, ya ji Hausa a bakinsa, ba abin da zai sa ya tambaye shi ɗan ina ne. Sai a rubuta NGR, wato Najeriya. Haruffan Nijar kuwa NIG ne, kuma ko a manyan wasanni an san yadda waɗannan biyun ke rikita mutane. Yaron ya koma gida da murna ya samu lamba, bai san an riga an yi masa ƙasa ba. Ranar da hukumar Nijar ta neme shi, sai a ce sauya sheƙa ne, da takardunta da kuɗinta. Ga ɗan wasa mai ƙaramin maki wanda bai taɓa wakiltar Najeriya a gasar FIDE ba, abin ba ya da tsada sosai, amma yana cin lokaci, kuma takardun gasa suna da ranar rufewa. Haka nan duk ɗan Nijar da ya samu lamba kafin 2021, dole a ƙarƙashin wata tuta ya same ta, tunda a lokacin ƙasarsa ba ta da kujera. Aikin farko da ya kamaci hukuma sabuwa shi ne ta nemo irin waɗannan.

Zaɓin kansa ba ƙaramin abu ba ne. Najeriya ta daɗe a wasan, tana da gwanaye masu muƙamin duniya da gasanni da yawa, amma kujeru biyar ne kawai a ƙungiyar Olimfiyad, ga masu nema jingim, yawancinsu daga kudu. A Nijar masu neman kujerun ba su kai haka ba, sai dai gasannin da mutum zai gwada kansa kaɗan ne. Wanda ya zaɓi Nijar ya fi kusa da jirgi, wanda ya zaɓi Najeriya ya fi kusa da abokan gogayya. Doka ba ta hana shi zama a Katsina yana shiga gasannin Najeriya na kowa-da-kowa da haruffan NIG a gaban sunansa ba. Abin da zai iya rasawa shi ne gasar zakaran ƙasa, wadda kowace hukuma ke da ikon keɓe wa nata. A ra'ayinmu wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da ɗan bakin iyaka, muddin ya san da ita tun kafin a yi masa lamba.

Akwai kuma batun takardu, wanda ya fi shafar mu masu nazarin harshe. Mutum ɗaya ne, amma a takardar lakwal ta Nijar Issoufou Mahamadou, a ta makarantar Najeriya Yusuf Muhammad. Ousmane a nan, Usman a can; Abdoulaye a nan, Abdullahi a can; Aïchatou a nan, A'isha a can. Mu mun san suna ɗaya ne aka rubuta da ƙa'idar Faransanci da ta Ingilishi, amma ma'aikacin da ke zaune a ofis a Turai mutum biyu yake gani. Wani lokaci ma ba a tsaya ga rubutu ba: a nan an haɗa sunansa da na uba, a can an haɗa da sunan gari. Sakamakon shi ne ko a yi wa mutum lamba biyu, abin da doka ba ta yarda da shi ba, ko a ƙi karɓar shaidarsa don ba ta dace da abin da ke cikin rijista ba. Shekarar haihuwa ma haka. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya alƙali ya ba shi wadda ke maye gurbinta, galibi da ƙiyasi. Dattawa da yawa takardunsu “wajen shekara kaza” kawai suka ce. Ga babba wannan ba ya hana wasa. Amma gasannin yara na FIDE rukuni-rukuni ne, daga ƴan ƙasa da shekara 8 har zuwa ƴan ƙasa da 18 da 20, ana kuma lissafi da shekarun da yaro ke da su ranar 1 ga Janairu. Idan takardar Nijar ta ce 2011, ta Najeriya ta ce 2013, yaron yana rukuni biyu, kuma duk wanda ya sha kaye a hannunsa yana da hujjar ƙara.

Sai ƙofa ta uku, ta zama. Dokar ta ɗauka mutum yana da gida ɗaya da takardar izinin zama da hatimi. Mutumin Jibiya da ya yi shekara ashirin yana da shago a Maraɗi ba lalle ne yana da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba, domin bai taɓa jin kansa baƙo ba, ba kuma wanda ya ɗauke shi baƙo. A zahiri mazauni ne, a takarda bai zo ba. In kuwa ya ce zai nemi zama ɗan ƙasa, Nijar tana neman zaman shekara goma, Najeriya kuma shekara goma sha biyar ga wanda ya bi ta can. Abin lura shi ne ƙofar zama ta fi amfanar wanda ya yi nisa a kan wanda ke kusa. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Najeriya da shi a 2017 saboda barazanar Boko Haram, ya ci gasar yara ta jihar Niyok a 2019 suna zaune a gidan marasa matsuguni, kuma da haruffan Amurka yake wasa tun kafin a ba iyalin mafaka a 2022. Shi yana da fayil da lauya da kwanan wata. Maƙwabcinmu na Jibiya ba shi da komai sai shaidar mai unguwa. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ba ta taɓa dokar FIDE ba, tunda FIDE ba ta san ƙungiyoyin yanki a wannan batu ba. Amma ta sa maganar takardun zama tsakanin ƙasashen biyu ta zama abin da hukumar wasa ba za ta ɗauka da sauƙi ba.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, inda Yacouba Kantou na Maraɗi ya zama zakaran farko, ɗan kokowa jaharsa yake wakilta, kuma duk mai zama a dandali ya san gardamar da akan yi a kan wane ɗan ina ne, ko a ina aka binne cibiyarsa, ko wace jaha ta ci da shi ta shayar da shi. Bambancin kawai, a kokowa jama'a sun san juna, makaɗi ma yana iya warware asalin mutum har kaka na uku. A shaɗaranji kuwa wanda zai yanke hukunci bai taɓa jin sunan Ɗan Issa ba, abin da ke gabansa haruffa uku ne da hoton takarda. Don haka malamin da ke koya wa yara wasan a Maraɗi ko Madarunfa, kafin ya bar yaro ya tsallaka zuwa gasarsa ta farko, sai ya tabbatar da abu uku: iyaye sun yanke wace tuta suke so, an nemi lambar ta hannun hukumar wannan ƙasa tun daga gida, an kuma rubuta sunan da shekarar haihuwa daidai da yadda suke a takardar da za a yi masa fasfo da ita.